Sassaƙen Arewa a Bakin Teku: Tarihin Maganin Fata a Unguwannin Hausawan Duwala

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai Bahaushe ɗan fatauci bai cika barin gida da hannu biyu ba. Cikin abubuwan da yake ƙullawa a jakarsa har da sassaƙe, wato ɓawon itacen da aka feƙe da gizago ko gatari aka shanya domin magani. Wannan maƙala za ta bi sawun sassaƙen maganin fata daga dazukan Arewa zuwa birnin Duwala na ƙasar Kamaru.

Zuwan Hausawa Duwala

Jamusawa sun kafa mulkinsu a bakin kogin Wuri a shekarar 1884. Kafin wannan lokaci fataken Hausawa sun riga sun saba da kasuwannin Adamawa, irin su Banyo da Tibati da Ngaundare, inda suke neman hauren giwa da goro. Mulkin mallaka ya buɗe musu hanya zuwa kudu har bakin teku. Dab da yaƙin duniya na farko, Jamusawa suka ƙwace filayen ƙabilar Duwala na bakin ruwa, suka yanka musu sabuwar unguwa a can baya, wadda aka sani da New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Yawancin 'yan gari suka ƙi tarewa a wurin, saboda haka unguwar ta zama ta baƙi, cikinsu har da Hausawa. A nan Kasuwar Kwango ta bunƙasa. An fi saninta da atamfofi da teloli, amma masu saiwa da sassaƙe ma sun sami gindin zama a kewayenta.

Cutar Kudu, Maganin Arewa

Ruwan da ake yi a Duwala ya haura milimita 3,500 a shekara, alhali na Kano bai cika kai 1,000 ba. Jikin da ya saba da hunturu da bushewa sai ya tarar da gumi dare da rana. Wannan laima kan tayar da ƙaiƙayi da ƙurajen zafi, ta kuma rura kirci da makero da ƙyasbi. Itatuwan da Bahaushe ya sani da maganin waɗannan cututtuka kuwa, wato maɗaci da marke da bagaruwa da hano, duk na ƙasar Arewa ne, ba sa son kurmi. Dole a ɗauko sassaƙensu daga nesa, da farko a kan kawunan 'yan alaro, daga baya a mota. Da titin jirgin ƙasa ya isa Ngaundare a 1974, sai jigilar ta ƙara sauƙi.

Hanyoyin amfani da shi ba su da yawa. Akan tafasa sassaƙen a yi wanka da ruwan, ko a dake shi a tankaɗe a barbaɗa a kan gyambo, ko a kwaɓa garin da man kaɗe a shafa. Marke da bagaruwa suna ɗauke da sinadarin tanin, wanda ke tamke fata ya tsane ruwan ƙurji. Da wannan sinadari ne majema ke jeme fata da 'ya'yan bagaruwa. Likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen waɗannan itatuwa da Hausa a 1916, ya kuma bayyana amfaninsu a babban littafinsa na 1937.

Sauye-sauyen Zamani

Zuwan asibiti bai kashe wannan sana'a ba. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, magungunan da ake shigowa da su daga Turai suka yi tsada, talakawa da yawa suka waiwayi maganin gargajiya. Amma sana'ar tana da nata matsalolin. Laimar Duwala kan sa sassaƙe ya yi fumfuna, wanda in aka shafa shi a kan buɗaɗɗen miki sai ya ƙara ciwo. Haka kuma tanin ba ya kashe ƙwaron ƙazuwa da ke haƙa rami a cikin fata. A can Arewa kuwa, itacen da aka zagaye gindinsa da sassaƙa bushewa yake yi, ga kuma masu yankan katako sun sa maɗaci gaba, har an sanya shi cikin jerin itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu.

Kammalawa

Tarihin sassaƙe a New Bell reshe ne na tarihin fatauci. Hanyar da ta kai goro Arewa ita ce ta kawo maɗaci da marke kudu, suka zo da sunayensu na Hausa cikin garin da ake magana da Faransanci da Duwalanci da Turancin buroka. Ɗorewar wannan ilimi ta dogara ne da ɗorewar itatuwan da ake sassaƙa a dazukan Garwa da Marwa.