Daga Mangala Zuwa Tifa: Waiwaye Kan Takin Birnin Kano

A da, in rani ya kankama, kafin hantsi ya dubi ludayi jakuna sun cika ƙofofin Kano. Su shigo ta Ƙofar Ruwa ko Mazugal ko Kabuga ɗauke da itace da kara, su fita da mangala shaƙe da taki. Takin nan kuwa sharar gida ce zalla: tokar murhu, kashin awakin da ake turkewa a tsakar gida, ɓawon gyaɗa, da duk abin da tsintsiya ta tattaro. Manomi ya kai gona ya jibge tsibi-tsibi, sai damina ta ƙarato ya baza. Juji a lokacin dukiya ne, mai shi ya san darajarsa.

Wannan kai-komo na cikin abin da ya ja hankalin Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1960. Ya ga ƙauyukan da ke kewaye da birni maƙil da jama'a, ana noma gona guda shekara da shekaru ba a bar ta saura ba, amma ƙasar ba ta mutu ba. Taki ne ya riƙe ta, na turke da na birni. Hatsin da gona ta aika cikin ganuwa, ragowarsa kan dawo mata a bayan jaki.

Sai ga takin zamani. Daga 1976, lokacin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo, gwamnati ta riƙa sayar da shi da rangwame, buhu guda ya maye gurbin sawun jaki da yawa. Daɗin bai ɗore ba. Tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, naira ta faɗi, a 1997 aka janye tallafin. Manoma suka sake waiwayar juji, wannan karon suna biyan direban tifa ya juye musu lodi a bakin gona.

Amma jujin da suka bari ba shi suka tarar ba. Leda ta riga su zuwa, baƙa da fara, musamman ta fiya wata. Duk wanda ya bi hanyar Gezawa ko Kumbotso da bazara ya san hoton: tsibin taki, manomi tsaye a kai da manjagara, ya ja, ya kakkaɓe, ya tsince fasasshiyar kwalba da mataccen batir da tsohon silifas da hannu, ya tara gefe ya cinna wuta. Ledar da ta kuɓuce iska ta kwashe ta maƙale a jikin kara. Akuya ta haɗiye, ta yi ta rama, sai an yanka mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbi.

An kafa hukumar REMASAB a 2003, aikinta kwashe shara daga unguwanni. 'Yan jari-bola ma sun rage wani nauyin, don ƙarfe da roba suna da mai saye. Abin da ke ruɓewa, wanda shi ne gona ke nema, shi ne ya zama maraya.

A ganina kuskuren yana nan: ana jira sai komai ya cakuɗe sannan a nemi rabawa. Kakanninmu ba su raba shara ba don babu abin rabawa, mu kuwa ya zama mana dole. Mafari mai sauƙi shi ne kasuwar 'Yankaba da ta 'Yan Lemo, inda ruɓaɓɓen tumatir da kabeji da ɓawon kankana ke tsibi kullum, ledarsu ba ta kai ta unguwa ba. A ware musu motarsu daban da filin da za su ruɓe. Ke kuma uwargida, ki ajiye mazubi biyu a bakin madafa, ɗaya na leda, ɗaya na toka da ɓawo.