Daga Gidan Yari Zuwa Aikin Al'umma

Idan muka ce "gidan yari", muna ambaton Yari ne, wato mai tsaron ɗaurarru a fadar sarakunan Hausa. Amma a zamanin da, ba kowane laifi ne ke kai mutum hannunsa ba. A ƙasar Zuru, kamar sauran wurare, idan an saci akuya ko an yi ɓarna a gona, dattawa kan zauna, a biya mai kaya, a yi sulhu, mai laifi ya koma bakin garmarsa.

A zamanin Turawa, En'e ce ke riƙe da yawancin gidajen yarin Arewa, har 1968 da Gwamnatin Tarayya ta karɓe su. Daga nan hukunci ya yi nisa da gari, cunkoso ya yi ta ƙaruwa, galibin mazauna kuma masu jiran shari'a ne.

A 2015 dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta ba alƙalan kotunan Tarayya ikon jingine ɗauri ko sa mai ƙaramin laifi aikin al'umma. A 2019 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali, ta kafa sashen hukunci ba tare da ɗauri ba.

To, manomin Zuru da aka ɗaure da damina, iyalinsa ne ke kwana da yunwa da kaka. Tun da doka ta komo kan hanyar dattawa, saura mu marubuta mu je Dabai da Ribah, mu rubuta yadda suke sulhun tun masu sani suna raye.