Ciwon ciki ga mata: Musabbabansa da lokacin da yake zama na gaggawa

A Kwandiko da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, a kudancin Jihar Jigawa, da zarar mace ta koka da ciwon ciki, sunaye uku ne kan fara fitowa daga bakin mutane: olsa, sanyi ko taifot. Daga nan sai a aiki yaro kemis. Likitoci kuwa da tambayoyi biyu suke farawa: daidai ina ciwon yake, kuma yaushe aka ga al'ada ta ƙarshe? Amsoshin su ke bambance ciwon da zai iya jira da wanda ba ya jiran wayewar gari.

Sama da cibiya

Zafin da ke tsayawa a bakin ciki yakan kasance gyambon ciki. Yawancinsa ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ke haddasa shi, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano a 1982. Yawan shan magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac ma yana kawo shi. Ciwon da ke tasowa ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin abinci mai maiƙo na iya zama tsakuwar maɗaciya, wadda ta fi kama mata. Ga mai tsohon ciki, ciwo a wannan wuri tare da ciwon kai da dishi-dishin gani alama ce ta hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga.

Mara

A nan musabbaban suka fi yawa: ciwon al'ada, cutar mafitsara mai sa zafin fitsari, ƙarin mahaifa mai jawo zubar jini da yawa, da kumburin mahaifa da bututunta, wanda ake kira sanyi. Na ƙarshen yana iya toshe hanyar haihuwa idan aka yi sakaci, kuma sau da yawa sai an haɗa da maigida wajen magani. Matan da ke wanki ko aiki a rafi da fadama kuma tsargiya na iya taɓa musu mahaifa.

Mafi haɗari shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda ke faruwa a kusan 1 zuwa 2 cikin kowane ciki 100. Yakan bayyana a watanni uku na farko: ɓatan wata, ciwo a gefe guda, ɗigon jini, sai jiri. Idan bututun ya fashe, jini na zuba a ciki ba tare da an gani ba, kuma tiyata ce kaɗai mafita.

Afendis kan fara daga cibiya ya gangara mara ta dama. Taifot da aka bari ba magani yana iya huda hanji.

Alamomin gaggawa

Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, suma, ciki ya ƙandare, aman jini, baƙin bayan gida, ko zubar jini ga mai juna biyu, duk suna buƙatar asibitin da ke da hoton ciki, ƙarin jini da ɗakin tiyata. A wannan yanki akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, sai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse. Kada a ba mai ciwon abinci ko jiƙo kafin likita ya duba ta.