Tarihin Shugabannin Bale na Ƙasar Gine

Duk wanda ya ga zamanin samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce, ya san abin da ake ce wa bale: samari da ƴan mata su jeru bisa dandamali, makaɗa na gefe, a yi rawar gargajiya cikin tsari, alƙalai na ba da maki. Da yawa cikinmu sun yi tsammanin abin nan ƙasarmu ya tsiro. To, ba haka ba ne. Ƙungiyar da ta buɗa wannan hanya a Afirka ta Yamma ta ƙasar Gine ce, sunanta da Faransanci Les Ballets Africains, kuma labarin mutanen da suka shugabance ta yana da daɗi, yana da ɗaci.

Wanda ya kafa ta shi ne Kaita Fodeba. An haife shi a shekarar 1921 a garin Sigiri, bakin kogin nan da Malinke ke kira Joliba, wanda shi ne dai ya gangaro ya ratsa Yamai da Gaya. Ya yi karatu a lakwal ɗin Wiliyam Ponti ta ƙasar Senegal, inda su Diori Hamani da Bubu Hama da Jibo Bakari su ma suka yi nasu. Wannan lakwal tana da wata al'ada: in ɗalibai za su tafi hutu, sai a ce kowa ya rubuto al'adun garinsu, in sun komo a mayar da abin wasan kwaikwayo. Nan Fodeba ya fara ganin cewa abin da ake yi a dandalin ƙauye ana iya ɗora shi gaban baƙi. Ya yi aikin mushen lakwal ƴan shekaru, sannan a 1948 ya tafi Pari karatun shari'a.

Karatun bai yi nisa ba, wasa ya ɗauke shi. Shi da abokinsa Kante Faseli, gwanin kiɗan gita, suka tara ɗalibai da ƴan ci-rani na Afirka, suna karanta waƙoƙin da Fodeba ya rubuta ana bi da kiɗa. Ɗaya daga ciki, mai suna Aube africaine, labarin wani manomi ne da aka kama soja a yaƙin duniya na biyu, ya tsira daga yaƙi da zaman fursuna, ya zo Caroye kusa da Dakar a 1944, Faransawan da ya yi wa yaƙi suka harbe shi tare da ƴan'uwansa tirayar. Hukumar mulkin mallaka ba ta ji daɗin irin waɗannan waƙoƙi ba, ta hana yaɗa su cikin ƙasashen da take mulki. A 1952 ƙungiyar ta fito da sunan bale a birnin Pari, daga nan ta shiga yawon ƙasashen Turai.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan, don a nan gwanintar Fodeba take. Kun san yadda rawa take a gida. Jama'a su yi da'ira, makaɗi na tsakiya, wanda kiɗa ya taɓa ya faɗo ya taka, ya koma, wani ya fito, a kai har asuba, ba wanda ya sayi tikiti kuma ba wanda ke kallo kawai. Gidan wasan Turawa kuwa ƴan kallo gaba ɗaya suke zaune a gefe guda, ba su jin harshen, kuma bayan awa biyu kowa zai tashi. Dole a warware da'irar nan a mayar da ita sahu, a rage rawar dare guda ta koma ƴan mintoci, a sa mutum ashirin su ɗaga ƙafa lokaci ɗaya, abin da ba a taɓa nema wurin kowa ba a ƙauye. Kiɗan ma ya sake. Jembe, wato turmin itace da aka rufe da fatar akuya ana bugawa da hannu, ya ƙara sauri da tsauri. Gangunan nan uku na fatar saniya da ke riƙe masa gindi, dundumba da sangban da kenkeni, waɗanda a ƙauye kowace da mai kaɗa ta, a bale sau da yawa sai a tsayar da su mutum ɗaya ya haɗa. Kiɗan kasa, wanda Malinke ke yi wa manoma a gona kamar gangar nomanmu ranar gayya, ya koma abin da ake yi da fartanyar ado ƙarƙashin fitilu. Akwai masu cewa an ɓata gargajiya. Ni dai a ganina an yi wani abu ne sabo daga cikinta, kuma mai tsara rawa, wanda ke yanke abin da za a bari da abin da za a zubar, shi ne ainihin mai iko a irin wannan ƙungiya ko da ba a ganinsa bisa dandamali.

Sai siyasa ta kira Fodeba. Ya koma gida, a 1957 ya shiga gwamnatin Seku Ture a matsayin ministan cikin gida, kuma da sa hannunsa aka soke sarautar kanto a Gine a ƙarshen wannan shekara. Dattawa su lura da wannan: mawaƙi ne ya tuɓe wa sarakuna rawani. Ranar 28 ga Satumba 1958 Gine ta ce wa Janar Dagol a'a, ranar da Jibo Bakari ya nemi Nijar ta faɗi haka bai samu ba. Gine ta sami ƴancin kai ranar 2 ga Oktoba, Faransawa suka kwashe kayansu da ma'aikatansu cikin fushi. Sabuwar ƙasa ba ta da kuɗi, ba ta da jakadu da yawa, amma tana da ƙungiyar da duniya ta riga ta sani. Ba a daɗe ba bale ɗin Fodeba ya zama na gwamnati.

Da Fodeba ya tafi, riƙon ƙungiya ya koma hannun Ashkar Marof da Kante Faseli. A 1959 suka yi wasa a Niyok ta Amurka, har hukumar birnin ta ce sai matan sun rufe ƙirjinsu, gardamar da ta cika jaridu ta kuma ƙara musu ƴan kallo. Makaɗinsu Laji Kamara daga baya ya zauna can Amurka, ya zama cikin na farko da suka koyar da jembe a ƙasar. Kante Faseli bai yi tsawon rai ba, ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Kasablanka a 1961. Shi kuwa Ashkar Marof, daga fagen rawa aka mayar da shi aikin jakadanci, har ya zama wakilin Gine a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu.

Yadda ake samun ƴan wasa a zamanin Seku Ture, wanda ya san samariya zai gane shi. Kowane ƙauye da ƙungiyarsa ƙarƙashin jam'iyya, a yi gasa a gunduma, a yi a jiha, zakaru su haɗu a Konakiri. Wanda aka ga ya fi, sai a ɗauke shi, kuma ba a cika tambayar ra'ayinsa ko na iyayensa ba. Ta haka Famudu Konate, ɗan yankin Hamana da aka haifa a 1940, ya shiga a 1959, ya riƙe matsayin babban makaɗin jembe shekara 26 yana zagaya duniya. Ta haka kuma aka ɗauko Mamadi Kaita daga ƙauyen Balandugu. A 1964 aka kafa ƙungiya ta biyu mai suna Bale Joliba, da hannun mawaƙin nan na Amurka Hari Belafonte a cikin shirin. Aka tara ɗaruruwan matasa, aka kai waɗanda aka zaɓa tsibirin Kasa da ke gaban Konakiri, aka yi ta horo ana tankaɗe wata da watanni har ƴan kaɗan suka rage. Mamadi yana da shekara 14, shi ne ƙaraminsu. Ya zama babban makaɗi, kuma a 1979 aka ba shi shugabancin tsara wasannin ƙungiyar. Ɗan wasa a lokacin ma'aikacin gwamnati ne, da albashinsa da fasfo ɗinsa, amma ba shi da ikon cewa ya gaji.

Komawa ga Fodeba, labarin ya yi duhu. Ya riƙe ma'aikatar tsaro da ta ƴan sanda, kuma a ƙarƙashinsa aka shirya barikin nan na Konakiri da daga baya aka sa wa suna Kan Boiro, inda ake tsare waɗanda aka ce sun ƙulla wa gwamnati makirci. Mutane da yawa sun sha azaba lokacin da yake da iko, wannan ba abin ɓoyewa ba ne don ya iya waƙa. A 1965 aka ɗauke shi daga tsaro aka ba shi ma'aikatar tattalin karkara. A 1969 aka ce shi da Kanar Kaman Jabi sun shirya juyin mulki, aka jefa shi cikin kason da aka gina a zamaninsa, aka harbe shi ranar 27 ga Mayu. Bayan wata biyu ƴan wasan Gine suka tafi babban bikin al'adun Afirka a birnin Alje, suka ciyo lambobi, ba mai iya ambaton sunan wanda ya fara abin. Ashkar Marof tun 1968 aka kira shi gida daga Niyok aka kulle, aka kashe shi a 1971. Iyalinsa ba su sami tabbacin mutuwarsa ba sai bayan faɗuwar gwamnatin. Ɗansa Dawuda Ashkar ya yi fim a kan zaman uban a kaso, mai suna Allah Tantou.

Seku Ture ya rasu a watan Maris 1984, soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Lansana Konte, kuɗin da ake zuba wa al'adu ya ƙafe. Nan shugabannin wasa suka rabu biyu. Wasu suka tsaya suka riƙe gida: Italo Zambo, wanda ya shiga yana matashin mai rawa tun zamanin Fodeba, ya ja ragamar babbar ƙungiyar har rasuwarsa a 2004, tare da Hamidu Bangura; Kemoko Sano, gwanin tsara rawa, ya kafa tasa ƙungiya a Konakiri yana horar da yara, ya rasu a 2006. Wasu kuma suka yi abin da mu ma muka sani, suka tafi cin rani. Famudu Konate ya koma koyar da Turawa kiɗa, musamman a Jamus. Mamadi Kaita ya bar Joliba a 1986 ya tafi Abijan wurin ƙungiyar Koteba ta Sulaiman Koli, a 1988 ya wuce Beljika, ya buɗe makarantar jembe wadda ta yi rassa har Amurka da Japan.

A 1991 aka fitar da fim mai suna Djembefola, wanda ya bi Mamadi daga Turai zuwa Konakiri, daga nan zuwa Balandugu, ƙauyen da rabonsa da shi shekara 26. Ƴan'uwa suka tarbe shi da kuka da kiɗa. Ya rasu a Beljika ranar 21 ga Yuni 2021.