Bindigar Ɗurin Gindi Mai Hular Tagulla: Tarihin Ɗurinta da Albarushinta

Bindigar ɗurin gindi mai hula ita ce wadda ake zuba wa albarushi da darma ta gindin bututu, amma sai an ɗora 'yar hular tagulla a wani tsini na waje, kunama ta doke ta, sannan wuta ta isa ga albarushin. Ta yi tashe a Amurka da Turai daga wajajen 1830 zuwa 1870, tsakanin zamanin ɗuri ta baki da zamanin harsashin ƙarfe mai ɗauke da wutarsa.

Asali

A 1807 wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da albarushi da sinadari mai kamawa idan an buge shi. Daga nan hular tagulla ta samo asali, ta ture ƙyastu domin ba ta cika ƙin tashi a cikin raɓa ko yayyafi ba. A Amurka kuwa John Hall ya yi rajistar bindigar ɗurin gindi a 1811, kuma a 1833 mahayan dawakin sojan ƙasar suka karɓi gajeren samfurinta mai hula. Aibinta shi ne hayaƙi da wuta na tsartuwa ta mahaɗar gindin, ƙarfin harbi ya ragu. Kusan duk ƙirar da ta biyo baya neman toshe wannan kafa take yi, kuma shi ya sa kwanson harsashi ya yi ta sauya kama.

Takarda, roba da tagulla

Christian Sharps, wanda ya yi aiki a ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry inda ake ƙera bindigar Hall, ya yi rajistar tasa a 1848. Ana sauke wani dunƙulen ƙarfe, a tura harsashin takarda, idan dunƙulen ya hau sai kaifinsa ya yanke wutsiyar takardar, albarushi ya fito fili. Yankan kan zubar da ɗan albarushi, wanda idan ya taru a ƙarƙashin bututu yakan kama wuta ya tsaga katakon. Saboda haka aka koma ga harsashin yadin lilin wanda ya yi daidai da ɗakin ɗuri, da siririyar takarda a gindinsa da wutar hula ke hudawa. Ɗurin soja a Sharps kimanin giram 3 zuwa 4 ne. Idan harsashi ya ƙare, ana iya tura darma a zuba albarushi tsurarsa a bayanta.

Ambrose Burnside, a 1856, ya yi kwanson tagulla mai tsukakken gindi da ƙaramin huji, da ɗan tudu a wuyansa da ke rufe mahaɗar. Bindigar Smith ta yi amfani da kwanson roba, ta Maynard kuma da kwanson tagulla mai faffaɗan gindi da ake sake ɗurawa sau da yawa. Duka an gwada su a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, galibi a hannun mahayan dawaki, waɗanda ɗuri da sanda a kan sirdi ke wahalar da su.

A Ingila, kamfanin Westley Richards ya fito da bindiga mai marfi kamar wutsiyar biri a 1858. Harsashinta na takarda yana da ƙulli mai maiƙo a gindi: ya toshe hayaƙi yanzu, harbi na gaba kuma ya tura shi ya share bututu. Turawan Buwa na Afirka ta Kudu sun so ta ƙwarai, don ko babu harsashi ana ɗura ta ta baki.

Zaɓin albarushi

Baƙin albarushi haɗi ne na potasiyam naitiret kashi 75, gawayi 15, farar wuta 10. Bambancin yana ga girman ƙwaya: mai kaushi yana ci a hankali, mai laushi yana ci da sauri, matsi ya ƙaru. 'Yan kasuwa na rarraba shi daga Fg, mafi kaushi, zuwa FFFFg, mafi laushi, kuma matsakaitan biyun ne suka dace da waɗannan bindigogi. Fiye da rabin nauyin albarushin yakan zama toka da daskararren datti, wanda ke toshe hanyar wuta ya kuma hana gindi buɗewa, shi ya sa tsabtar albarushi da kitsen da ake shafa wa darma suke da muhimmanci kamar yawan ɗurin. A yaƙin basasar Amurka, kamfanonin DuPont da Hazard ne suka samar wa rundunar Arewa albarushi, Kudu kuma ta buɗe masana'antarta a Augusta ta jihar Jojiya a 1862.

Shuɗewarta

Bindigogin Spencer da Henry sun nuna fifikon harsashin da ya haɗa darma, albarushi da hula a kwanso guda tun yaƙin bai ƙare ba. Bayan yaƙin an juya dubban Sharps zuwa harsashin .50-70. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda matsinsa ya fi ƙarfin tsohuwar ƙira. A yau masu tara kayan tarihi da 'yan gasar harbi ne ke riƙe da su, da baƙin albarushi ko makwafinsa irin su Pyrodex.