In Kiɗi Ya Sake, Waƙa Ma Sai Ta Sake

Ko a wajen suna, Bahaushe bai raba mawaƙi da ganga ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo murya ce ta ɗaukaka su, amma Makaɗa ake ce musu. Tarihi ya gaskata wannan fahimta: mai bugun ganga abokin tsara waƙa ne, kuma ran da aka sake shi waƙar ma takan sake.

A fadar Maraɗi da ta Tibiri, inda Katsinawa da Gobirawa suka sake kafa mulki a ƙarni na 19 bayan jihadi, sarauta tana da takenta, kuma makaɗi ke riƙe da shi. Hausa harshe ne mai karin sauti. Don haka mai kalangu, in ya matsa tsarkiya ya sassauta, yana iya faɗin kirarin mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Haka gangar noma take ran gayya a gonakin karkara irin na Jiratawa: da jin takensa, manomi kan ƙara ƙaimi. Mawaƙi a kan wannan harsashi yake aza baitinsa, yana auna tsawon numfashinsa da hannun makaɗinsa.

Ƙungiyoyin kiɗin rok na Turawa sun gamu da wannan gaskiya. A watan Agusta 1962, Beatles na Ingila suka sallami Pete Best suka ɗauki Ringo Starr, bahago mai buga gangunan da aka jera wa na dama, abin da ya ba bugunsa wata karkata tasa ta kansa. A 1974, Neil Peart ya gaji John Rutsey a ƙungiyar Rush ta Kanada. Bai tsaya ga ganga ba, ya karɓi rubuta baitoci, waƙoƙin suka ƙara tsawo da sarƙaƙiya. Su kuwa Led Zeppelin, da John Bonham ya rasu a 1980, watsewa suka yi maimakon neman magaji.

Misali mafi kusa yana Ikko. Tony Allen ya yi wa Fela Kuti kiɗi daga 1964 zuwa 1979. Fela kan tsara wa kowane ɗan ƙungiya abin da zai buga, ban da Allen, wanda ke ƙaga nasa da kansa. Bayan rabuwarsu Fela ya kafa Egypt 80, ya ci gaba da waƙa, amma masu saurare sun san hannu ya sake.

A Maraɗi kuwa, kujerar makaɗin ce ta sake hannu har sau biyu. Kiɗin bori na goge ne da garaya da ƙwarya, kowane iska da takensa, makaɗi na kallon mai hawa yana ƙara wuta ko ya rage. Sa'adu Bori, ɗan Maraɗi wanda ya rasu a 2008, ya ɗauki waɗannan take ya kai su ga gita da jerin gangunan zamani. Faifan Niamey Twice, wanda suka fitar da Musa Pusi a 1994, ya kai wannan salo ƙasashen waje. Kiɗin da ba shi da iyaka sai saukar iska ya koma waƙar ƴan mintoci mai farko da ƙarshe. Daga baya fiyano mai ganga a ciki ya mamaye situdiyo da gidajen biki, ta hanyar waƙoƙin finafinan Kano. Na'ura ba ta gajiya, ba ta neman kaso, amma ba ta san wanda ya shigo fili ba, balle ta kira takensa. Mawaƙi ya koma yanka baiti daidai da awon da ba ya jiran kowa.

Abin takaici, sunan mawaƙi ke kan kasat, na makaɗi kuwa sau da yawa tare da shi ake binne shi. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suna da sauran dama, tun tsofaffin makaɗan Maraɗi da Tibiri da Jiratawa na raye, su naɗi takensu, su rubuta wa ya koya wa wa. Take ba ya cikin fata ko itace, yana hannun mai shi.