Gadon Likitancin Wurno da Tsakuwar Ƙoda

A Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa kuma aka binne shi a 1837, ilimin magani ya kasance aikin malamai masu karatu da alƙalami. Bello da kansa ya wallafa littattafai da Larabci kan ciwon ido da basir da amfanin filasko, yana bayyana cuta kafin ya ambaci maganinta. Ilimin magabata da ya ɗebo daga cikinsa bai tsaya ga jiƙo ba, domin likitan Andalus Azzahrawi, tun kafin rasuwarsa a 1013, ya bayyana yadda ake fiɗa a ciro tsakuwa daga mafitsara. Saboda haka mai ciwon tsakuwar ƙoda da ya nufi asibiti yana kan turbar magabata ne.

Bukatar wannan turba ta ƙaru a kwarin Rima. Tun da aka kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984, noman rani na albasa da tafarnuwa da shinkafa ya bunƙasa daga Goronyo zuwa Wurno. Manomi kan yini a fadama cikin zafin bazara da ke haura digiri 40, gumi na zuba, shan ruwa kaɗan, sai fitsari ya yi kauri, gishirin cikinsa ya dunƙule ya zama tsakuwa. Ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwa mai kwanciya, wadda ta sa jama'a suka saba da fitsarin jini har suka daina tsoronsa, alhali tsakuwa ma tana jawo shi.

Wani zai ce kakanni sun sha sassaƙe sun warke. Gaskiya ne ƙaramar tsakuwa kan fita da kanta idan an yawaita shan ruwa, kuma jiƙon kan samu yabon da ruwan ya cancanta. Amma babba kan toshe hanyar fitsari, zafin ya lafa, ƙodar kuwa tana lalacewa a ɓoye, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari. Hoton ciki da gwajin jini ne ke gano hakan, kuma ana yin su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Duk wanda ya ji ciwon kwiɓi ko ya ga jini a fitsari, ya je a duba shi tun kafin a kai ga wankin ƙoda.